Waƙar Masu Jiran Gida A Lokacin Yaƙi

 

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da mu ke ji kullum har mun daina kula da shi, watau waƙa. In ana ba da labarin yaƙi, a kan fara da sunayen manyan hafsoshi, da garuruwan da aka ci, da yawan waɗanda suka faɗi. Da wuya ki ji an ambaci wadda aka bari a gida da goyo, da tsohuwa uwar miji, da rumbun da ya yi rabi tun kaka ba ta yi nisa ba. Alhali kuwa ita ma yaƙi ta ke yi, sai dai nata ba shi da ƙara. Wanda ya tafi yana da bindiga, yana da abokai, yana da mai ba shi umurni. Wadda ta zauna fa, me ta ke da shi? Bayan addu'a, abin da iyayenmu da kakanninmu suka riƙe a irin wannan hali shi ne waƙa. To, amma ba kowace waƙa ce ta amfane su ba. Wannan shi ne abin da na ke so mu duba, domin zamani ya sake maida da yawa daga cikinmu masu jiran gida.

Ta mai tafiya dabam, ta mai zama dabam

Tun zamanin da, babu sarkin da ke fita yaƙi ba tare da makaɗansa ba. A buga tambari, a busa kakaki, maroƙa su bi barade suna yi musu kirari, suna tuna musu iyaye da kakanni, har wanda gabansa ke faɗuwa ya ji kunyar ja da baya. Wannan ita ce zuga, kuma ta mai tafiya ce. Aikinta na sa'a guda ne, ta ɗumama jini har a gamu da abokan gaba. In runduna ta ɓace a bayan ƙura, aka rufe ƙofar gari, zuga ta gama nata. Mai jiran gida kuwa wata da watanni za ta yi, wani lokaci ma shekaru, kuma ɗumin jini ba ya dafa tuwo.

Ƙasarmu ta kudancin Katsina ta san wannan hali tun ƙarni na 19, sa'ad da mahara daga Maraɗi su kan ratso daji su faɗa wa ƙauyuka. Maƙwabtanmu na ƙasar Zazzau da Kano su ma sun sha hari irin nasu. Akwai wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. A 1949 da 1950, tana zaune a Giwa, nan kan hanyar Zariya zuwa Funtua, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta faɗi yadda mahara suka kame mata na danginsu, da yadda aka sha wahalar tara dukiyar fansarsu. Abin lura shi ne, littafin cike ya ke da waƙoƙin mata. Kusan duk inda labari ya kai ga wani babban al'amari, na daɗi ko na baƙin ciki, sai tsohuwar nan ta kawo waƙar da aka yi a kansa. A cikin waƙa matan zamaninta suka ajiye abin da ya same su.

Kafin ita ma, ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta tashi cikin hijira da yaƙe-yaƙe, ta ga gwauraye da marayu da matan da aka kamo daga garuruwansu. Ta tsara waƙoƙi da Fillanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda dattijan mata da a ke kira jajoji su kan zo wurinta su hardace waƙoƙin, su koma ƙauyuka su koya wa sauran mata. Ta gane cewa macen da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe baiti, ta yi ta maimaita shi tana aikinta, ya zame mata malami da abokin hira.

Abin da waƙa ke yi wa zuciya

Wata za ta ce, ina ruwan waƙa da yunwa, ko da mijin da ba a san inda ya ke ba? Gaskiya ne waƙa ba ta cika rumbu. Amma ku duba yadda aka rene mu. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗanta na fari. In ɗan farin nan ne ya shiga soja, uwarsa ba ta da halin ta tsaya gaban mutane tana tambayar labarinsa, sai a ce ba ta da kunya. Amarya ma in ta cika zancen mijin da ya tafi, dangin miji su yi ta kallonta. To, ina za ta kai abin da ke cinta? Sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta zuba dawa, ta ɗauki murya. Al'adar waƙar niƙa ita ce mai yinta ta saka abin da ya dame ta a ranar, ta lulluɓe shi da habaici. Kowa a gidan ya ji, kowa ya gane, ba kuwa mai cewa ta yi rashin kunya. Abin da baki ya ji nauyin faɗi, waƙa ta ɗauka.

Sa'an nan ku duba daka. In mata uku suka kewaye turmi suna lugude, tilas kowace ta saurari 'yar'uwarta, in ba haka ba taɓare su yi karo. Wadda ta kwana tana saƙe-saƙe ba ta da damar ci gaba da shi a bakin turmi, dole ta fito daga cikin tunaninta ta bi sahu. In ɗaya ta ba da waƙa sauran suka amsa, ta san an ji ta ke nan. Ko kishiyoyin da ba sa ga maciji, in mijinsu ɗaya ne ya tafi, turmi ya kan haɗa su. Haka ya ke a wajen daɓe, haka a kiɗan shantu da na ƙwarya, haka a waƙar raino, wadda rabinta don yaro a ke yi, rabi don uwa. Yaro yana karanta fuskar uwarsa tun bai iya magana ba. In ya ji tana waƙa, sai ya ɗauka duniya na nan daidai, ya yi barci.

Yaƙin Hitila

Yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, an yi shi daga 1939 zuwa 1945. Ko harsashi ɗaya ba a harba a Danja ba, amma yaƙin ya shigo har ɗakin girki. An ɗebi samari soja, aka horar da da yawansu a Zariya, nan kusa da mu. A 1941 sojan Nijeriya suka yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha. Daga 1943 aka fara kwasarsu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan ƙasar Bama don su kara da Japan. Ba Bama ta Barno na ke nufi ba, wata ƙasa ce a gabashin Indiya, wadda a ke kira Myanmar a yau. Da yawansu ba su dawo ba sai 1946. Sunayen barikokin soja irin su Chindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna, daga wannan yaƙi na Bama aka samo su.

Waɗanda ba su shiga soja ba su ma ba su tsira ba. Da Japan ta kama ƙasar Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar da a ke haƙa a can, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar maza tilas daga larduna, har da Katsina da Zazzau, ana kai su haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Wannan shi ne ɗiban gwamna. Ga ƙarancin gishiri da kananzir da yadi, ga matsin a noma gyaɗa, ga kuma yunwar da aka sa wa suna 'Yar Gusau a shekarun nan. Gonar da namiji ya bari, tsofaffi da yara suka gaje ta, mata kuwa suka riƙe gida da kaɗi da ƙuli-ƙuli da 'yan sana'o'in cikin gida.

A lokacin nan babu rediyo a ƙauyukanmu. Sashen Hausa na BBC sai a 1957 aka buɗe shi, gidan rediyon Kaduna kuwa sai 1962. Labarin yaƙi ya kan zo ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Mai boko guda ya karanta wa maza a ƙofar fada ko a kasuwa, sa'an nan labarin ya biyo bakin yara da 'yan talla ya shigo cikin gida, ya ragu ko ya ƙaru. Wasiƙar soja ta kan yi watanni a hanya. Shi ya sa da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya hau gadon sarauta a 1944, ya kuma tafi har Indiya da Bama ya gano sojan Nijeriya, abin ya zama babba, domin an sami wanda ya gan su da idonsa. Da suka dawo, Malam Sa'adu Zungur na Bauci ya tsara musu waƙar nan tasa mai suna Maraba da Soja. Tasa ta shiga takarda, ana karanta ta a makarantu. Na matan da suka yi shekara uku suna jira kuwa a bakin turmi suka zauna, daga uwa zuwa 'ya.

Abin da Turawa suka gano

Kada ku zaci mu kaɗai ne haka. Su kansu waɗanda suka tada yaƙin sun gamu da wannan al'amari a ƙasashensu, har ya ba su mamaki. A Ingila akwai wata zabiya, Vera Lynn, wadda ta fara wani shiri a rediyon BBC a 1941. Tana rera waƙoƙin bege da na sa rai da saduwa, tana karanta saƙonnin iyali zuwa ga sojoji, har ta kan je asibiti ta gano matan soja da suka haihu, ta yi wa mazajensu albishir ta rediyo. Da Japan ta ci birnin Singafo a watan Fabrairu 1942, sai waɗansu manya suka ce irin waƙoƙin nan masu taushi su ke kashe wa soja jiki, a kawo na zuga. Aka dakatar da shirin. Amma sojoji da matansu ba su daina neman waƙoƙinta ba, kuma a 1944 ita ce ta tafi har Bama, fagen da samarinmu su ke, ta yi wa sojoji waƙa. Ta rasu a 2020 tana da shekara 103, mutanen ƙasarta suna girmama ta.

A ɓangaren Jamus ma haka aka yi. Akwai wata waƙa mai suna Lili Marleen, wadda wata mata, Lale Andersen, ta rera a faifai a 1939. Babu kirari a cikinta, babu zagin kowa, labarin wani soja ne da ke tuna budurwarsa a ƙofar bariki. Daga 1941 gidan rediyon sojan Jamus da ke Belgrade ya riƙa sa ta kowane dare. Goebbels, ministan Hitila mai kula da farfaganda, ya ƙi jininta, ya so ya hana ta, abin ya gagara. Abin mamaki, a hamadar Libiya da Masar sojan Ingila ma suka riƙa karkata akwatinsu suna sauraronta, su da waɗanda su ke harbi da rana. Kun ga ashe hukuma zuga ta ke so, amma mutum, ko a fagen fama ya ke ko a gida, ya fi neman waƙar da ta san abin da ke damunsa.

Yaƙin basasa

Yaƙin da iyayenmu suka fi tunawa shi ne na basasa, wanda aka fara ran 6 ga Yuli 1967, aka gama ran 15 ga Janairu 1970, wata 30 ke nan. Kafin yaƙin sojan Nijeriya wajen 10,000 ne, kafin a gama sun kai wajen 250,000. Ku duba wannan lissafi, za ku ga da wuya a sami gari a Arewa da bai ba da ɗa ba. A wannan karo kuwa akwai rediyo mai batir. A rataye shi a gindin bishiya, ko a ɗora shi kan katanga, muryar Kaduna ta shigo har tsakar gida inda macen kulle ta ke.

Mawaƙa suka tashi tsaye. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya yi zama a Bakori da Funtua, watau namu ne na gida, ya yi wa soja waƙoƙi da kalangunsa. Ɗan Maraya Jos, yana saurayi a lokacin, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa sojoji wasa. Alhaji Aƙilu Aliyu ya rubuta tasa waƙar ta soja, marubuta da yawa suka yi nasu. Kada mu raina abin da waɗannan suka yi wa mai jiran gida. A zamanin Turawa aikin soja ba abin alfahari ba ne a ƙasar Hausa, a kan ɗauke shi aikin wanda ya gagari iyayensa. Uwar da ɗanta ya gudu ya shiga soja ta kan sunkuyar da kai. Ranar da ta ji Shata, wanda ke yi wa sarakuna da attajirai waƙa, yana wasa soja a rediyo, ranar ta ɗaga kanta a cikin mata. Wannan kyauta ce babba.

Duk da haka akwai inda waƙar rediyo ba ta kai ba. A watan Oktoba 1967 sojan tarayya suka yi ƙoƙarin ƙetare Kwara su shiga Onitsha, aka yi hasarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Maris 1968 aka yi musu kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone jerin motocinsu. Kalangu bai ba da wannan labari ba. Wata saƙo ya iske ta, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Wata kuwa ba gawa ba saƙo, ba ta san ko matar aure ce ita ko gwauruwa ba. Waɗannan 'yan'uwansu mata ne suka ɗauke su, da zama tare, da aiki tare, da 'yar muryar da a ke ɗagawa in kuka ya lafa. Har yau gwamnati tana tunawa da mazan jiya kowace ran 15 ga Janairu. Ya kamata mu ma mu riƙa tunawa da matan jiya.

Bayan yaƙin ne muryar Hajiya Barmani Coge ta Funtua ta fito fili da kiɗan amada, ita da mata masu buga ƙwarya. Ba mawaƙiyar yaƙi ba ce, amma duk wadda ta taɓa zama a wurin wasanta ta ga abin da na ke faɗi. Ta kan sa mata dariya a kan abin da ke sa su kuka, ta kuma yi ta kiransu su kama sana'a, kada su zauna jiran hannun wani. Ta rasu a 2013. Darasinta shi ne ainihin abin da mai jiran gida ke bukata, a sauƙaƙa mata zuciya, a kuma tashe ta tsaye.

Wuƙa mai baki biyu

To, 'yan'uwa, tilas in faɗi ɗaya gefen, don wutar da ke dafa tuwo ita ke cin ɗaki. A 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, akwai wata waƙar garmaho ta wani mawaƙin Kudu da mutanen Arewa suka ɗauka habaici a ke yi musu da ita. Tana cikin abubuwan da suka ƙara hura wutar da ta ci rayukan bayin Allah a garuruwan Arewa a shekarar nan. Lokacin yaƙin kuma an yi waƙoƙin zambo a kowane ɓangare, yara suna rera zagin ƙabila guda a dandali, ba su san ma'anar abin da su ke faɗi ba. Alhali a can ƙetaren ma akwai uwa mai goyo, tana raino cikin yunwa. Ƙiyasin da aka fi ji shi ne mutum miliyan ɗaya ko fiye suka mutu a yaƙin nan, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, yara ne kuwa suka fi yawa. Da aka gama, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Bindiga ta yi shiru a rana ɗaya, amma zagin da aka koya wa yaro da waƙa ya kan bi shi har furfura.

Ƙasar Ruwanda ta ga ƙarshen wannan hanya. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, wani gidan rediyo yana ta sa waƙoƙin wani mashahurin mawaƙi, Simon Bikindi, tsakanin kiraye-kirayen kisa. A 2008 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda zuga mutane su yi kisa. Allah ya kiyashe mu.

Namu zamanin

Ba sai na gaya muku halin da ƙasarmu ta shiga ba. A watan Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, iyaye mata suka yi kwanaki a ƙofar makaranta kafin a sako su. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, mutane suka ɗanɗana irin zaman rashin labarin da kakanninmu suka yi. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'ya'yan gari. Yau a cikinmu akwai matar soja, da matar ɗan sanda, da matar ɗan sa kai, da wadda mijinta ya tafi gona ba ta san ko zai dawo ba, da wadda ta baro ƙauyensu ta raɓe a ɗakin dangi.

Ga shi kuwa mun shiga wannan hali hannu sake. Injin niƙa ya karɓe dutse, injin casa ya rage daka, siminti ya kashe daɓe, dandali ya watse saboda tsoron dare. Ba na cewa a koma wahala, injin ya hutar da ƙugunmu, mun gode. Amma da aikin ya tafi, taron ya bi shi, waƙar ma ta bi taron. Yanzu kowace tana ɗakinta da waya a hannu, tana kallon hotunan gawarwaki da jita-jita, ita kaɗai, har gari ya waye. Saboda haka ga shawarata guda huɗu.

Ta farko, ku nemi tsofaffinku tun suna nan. Wadda ta ke da shekara 20 a 1967, a 1947 aka haife ta, sai ku yi lissafi. Ku zauna kusa da kaka ko gwaggo, ku roƙe ta ta rera muku na niƙa da na daka da na raino, ta gaya muku wanda aka yi dominsa. Wayar nan da ke hana ku barci tana iya naɗar murya. Ku naɗa, ku koya, ku koya wa 'ya'yanku.

Ta biyu, in akwai mai jira a unguwarku, kada ku tsaya ga leƙawa da sannu. Ku kai aikinku gidanta. Mu nan Allah ya ba mu aikin taro, ga yankan tumatir na shanya, ga ɓarar masara, ga gyaran wake da tsinkar gyaɗa. Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta, hannu yana aiki, baki yana amshi. In hawaye ya zo mata, ku bar ta ta yi, kada wadda ta ce mata ta cika raki. In ta gama sai a ɗora daga inda aka tsaya.

Ta uku, ku sa kunne ga abin da yaranku ke saurare. An yi waƙoƙin da ke wasa 'yan bindiga, suna yawo daga waya zuwa waya. Yaron da ya tashi yana jin ana yi wa ɓarawo kirari, me ku ke tsammani zai so ya zama? Ku goge su, ku kuma gaya wa yaron dalili.

Ta huɗu, kada a rera zagin ƙabila a gidanki, ko da wasa. Mai laifi yana da sunansa, a kira shi da shi. Mai tallar nonon da ke shigo miki da ƙwarya a ka, wataƙila ita ma an kore mata shanu, wataƙila ita ma wani ta ke jira.

Ga ma'auni mai sauƙi, wanda ba ya bukatar boko. In kin ji waƙa, ki duba abin da ta bar miki a zuciya bayan ta ƙare. In kin ji kina iya tashi ki hura wuta, ki yi wa yara wanka, ki leƙa maƙwabciya, to, riƙe ta. In kuwa kin ji kina son a ƙone gidan wani, to, ba taki ba ce, ko da wa ya rera ta.

Allah ya dawo mana da waɗanda suka tafi lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu. Wadda ta sami wata tsohuwar waƙa a bakin kakarta, ta aiko mana da labarinta, mu ji tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.